Hula Ɗaya a Kwando

Shekara biyu bayan na ajiye aikin koyarwa na dawo gida, mutanen garinmu suka naɗa ni sakataren kwamitin kashe gobara. Garin ƙarami ne, yana tsakanin Lolo da iyakar Benin, kuma kusancinsa da iyakar ya kai ga wayar mutum takan sauya layi idan ya nufi gonarsa ta yamma. Motar kashe gobara mafi kusa da mu tana da nisan da ko an kira ta kan lokaci, toka za ta tarar. Saboda haka muka haɗa kanmu, mu goma sha shida, babu albashi babu kaki: manoma, masunta, 'yan kabu-kabu, mahaucin garin wanda muka zaɓa shugaba saboda ƙarfin muryarsa, wani maƙeri da gidansa ke tsallaken iyaka amma maƙerarsa ke cikin kasuwarmu, da kuma tela, wanda ɗan gwaggona ne, wato taubashina.

Kayan aikinmu ba su da yawa, kuma duk na rubuta su a shafin farko na littafin kwamiti: injin ban-ruwa da wani manomin shinkafa ya yarda a riƙa ɗauka, mesa mai faci uku, bokitai, tsani biyu, ƙugiyoyi masu doguwar ƙota, tsofaffin fallayen kwano, da wani ƙarfen ƙafar mota da muka rataye a jikin dogonyaron bakin masallaci. Idan aka buga ƙarfen nan, har tsallake ana ji.

Tun farko mutanen sun fi wutar tayar mini da hankali. Ban taɓa ganin jama'a masu zuciya kamar mutanenmu ba, ban kuma taɓa ganin waɗanda suka raina lafiyar jikinsu kamarsu ba. Mutum zai taho da gudu cikin babbar riga, hannuwanta na kaɗawa, ya faɗa cikin hayaƙi. Wani da silifas na roba, wani da rigar 'yan ƙwallo wadda ke narkewa ta manne da fata. Na yi magana a taro, na yi faɗa, na rubuta dokoki da hannuna na karanta musu sau uku. Suka saurara cikin ladabi, suka ce Allah ya saka wa Malam da alheri, suka ci gaba da abin da suka saba.

Dokar da na fi riƙewa ita ce ta sanin wanda ya shiga da wanda ya fito. Na fara da kiran suna daga rajista kamar yadda na saba a aji, sai na ga babu mai amsa suna wuta na ci. Daga baya na lura da abin da kowa ya sani: namiji a garinmu yana iya manta takalminsa a masallaci, yana iya manta wayarsa a shago, amma ba ya ratsa gari ya tafi gida kai babu hula. Sai na samo babban kwandon kaba. Duk wanda zai shiga aikin wuta ya tuɓe babbar riga, ya jefa hularsa a kwandon da ke hannuna. Idan ya fito ya zo da kansa ya karɓa, ba a aike. Muddin akwai hula a kwando, to akwai mutum a ciki, kuma babu mai watsewa.

Ranar da na karanta wannan doka, tela ne ya fara buɗe baki.

"Yanzu Malam, duk karatun ga da anka yi ma, ƙarshenai ka zama mai gadin huluna?"

"Kai dai bawana, in lokaci ya yi ka kawo taka."

"Tawa? Ka san wata nawa na yi ina ɗinkin ta? Wallahi in ka bari shugaba ya aza tashi bisa tawa, maiƙon nama ya taɓa ta, sai mun je gaban mai gari."

Hularsa kuwa kowa ya san ta: koriya ce, da zare ruwan ɗorawa a kewaye, shi ya ɗinka abarsa.

Akwai wata doka kuma, ta rumbu. Rumbunan garinmu na laka ne, sun fi tsawon mutum nesa ba kusa ba, bakinsu a sama yake, an kifa masa jinka. Tun kakanni idan wuta ta tashi akan hau a ture jinkar ƙasa don kada ta kama. Illar ita ce bakin rumbu yakan zauna a buɗe, tartsatsi ya faɗa ciki ya cinye hatsin. Na gyara wannan a rubuce, kuma na yi alfahari da gyaran: mutum ɗaya ya hau ya ture jinka ya wuce rumbu na gaba, wani ya biyo bayansa da fallen kwano ya rufe bakin, ya danne da duwatsu, ya shimfiɗa jiƙaƙƙen buhu. Tela, da yake siriri ne mai saurin hawa, shi aka ba ture jinka. Maƙeri aka ba rufewa.

Wata Juma'a cikin bazara, an sallame salla ke nan ana gaisawa a ƙofar masallaci, sai ihun mata ya taso daga unguwar masunta. Wutar bandar kifi ce ta lashi zana, zana ta miƙa wa ɗakin jinka. Wani ya rarumi guduma ya hau dukan ƙarfen dogonyaro. Na ruga gida na ɗauko kwando da littafi, na tsaya a bakin lungun da ke shiga unguwar, na shirya yin faɗan da na saba.

Ban yi faɗan ba. Mutanen nan, kowa cikin kayansa na Juma'a, suka taho suna tuɓe riguna tun daga nesa, suna tara su a gindin bishiya, suna jefo mini huluna ɗaya bayan ɗaya. Na ƙidaya goma sha biyar cif. A ranar na ga sanƙon mutanen da na yi shekara da shekaru ina gaisawa da su ban san suna da shi ba. Shugaba ya wuce ni da gudu cikin singileti, tumbinsa na gaba yana biye, yana kwarara umarni. Tela ya jefo tasa yana cewa, "A sama za ka aza ta, a sama!"

Injin ban-ruwa, wanda bai taɓa tashi ba sai an ja igiyarsa sau goma an yi masa addu'a, ya tashi a ja na farko a bakin tafki. Mesa ta kumbura, ta yi tsalle daga hannun masu riƙe da ita, ta fara da wanke shugaba daga kai har ƙafa kafin a juya ta wajen wuta. Mata suka ja layi daga rijiya, bokiti na bin bokiti. Mutanen tsallake suka iso a kan babura, uku uku, suna ihu da Dendanci, suna kiranmu "pompiye" kamar yadda suke kiran 'yan kwana-kwanansu. Na tare su a bakin lungu na ce duk wanda ba ya cikin littafina ba zai wuce layin bokiti ba, kuma abin mamaki suka bi. Daga inda nake tsaye ina hango jinkar rumbuna tana faɗowa ɗaya bayan ɗaya, fallayen kwano na hawa a madadinta. Dokokina ne ke tafiya da ƙafafunsu a gabana. Ba zan ɓoye ba, na tsinci kaina ina tsalle a wuri ɗaya, kwando a rungume, ina ihun "Haka nan! Haka nan!" da muryar da ɗalibaina ba su taɓa ji ba.

Kafin la'asar wuta ta mutu. Ɗaki ɗaya ya tafi, da madafa, da zanar gida biyu. Rumbuna shida na tsaye, babu wanda ya kama. A garin da gobara ta saba cinye unguwa sukutum, wannan abu ne da ba mu taɓa gani ba. Mata suka ɗauki guɗa. Aka fito da fura a manyan ƙore. Shugaba ya rungumi mesa yana rawa da ita, masu riƙe da bakinta suna fesa wa duk wanda ya matso. Tsohuwar da wutar ta tashi a gidanta tana kuka tana dariya tana sa wa kowa albarka, har da ni da ban ɗauki ko bokiti ɗaya ba.

Suka riƙa zuwa suna karɓar hulunansu, baƙi ƙirin da toka, haƙora kawai ake gani. Ina ba kowa tasa ina sa alama a gaban sunansa. Goma sha biyu, sha uku, sha huɗu. Na leƙa kwando, sai ga koriyar nan mai zare ruwan ɗorawa ita kaɗai.

Na ɗaga ta sama na ce, "Ina tela?"

Babu wanda ya daina dariya. Shugaba ya taho yana ɗigar ruwa, ƙwaryar fura a hannu.

"Haba Malam Sakatare, telan ga da ka sani? Ya tai gida ya wanke fuska. Ba shi son a gane shi da baƙi. Ba ni hular in kai mai, hanyata ce."

"Ba a aike, shugaba."

"To sha fura tukuna."

"Ba zan sha ba."

Na ciro wayata na kira lambar tela. Ta yi ƙara a gindin bishiya, cikin aljihun rigarsa, wadda ita ma ita kaɗai ta rage a wurin. Na tura ɗaya daga cikin 'yan kabu-kabu gidansa. Ya je ya dawo ya ce matarsa ta ce tun fitarsa masallaci ba ta sa shi a ido ba. Duk da haka wani ya ce ai wajen mai shayi ya tafi, wani ya ce ya gan shi kamar ya nufi tafki, wani kuma ya fara naɗe mesa. Jama'a suka fara juyawa za su tafi alwala.

A nan raina ya ɓaci ƙwarai. Na hau kan wani turmi da aka kife, na ce da su, da ƙarfin da ban san ina da shi ba, cewa mutumin da ya hau rumbu domin hatsinsu ya fi ƙarfin a ce "kamar na gan shi". Cewa babu ɗan kwamitin da zai bar wurin nan, ko shugaba ne, sai na ga tela da idona. Cewa a kashe injin nan yanzu. Injin yana ta ruri tun ɗazu ana jiƙa toka, ƙararsa ta cika unguwa. Aka kashe shi. Shirun da ya biyo baya ya sa kowa ya dawo hayyacinsa.

Muka fara da inda kowa ke tsoro, wato ɗakin da ya ƙone. Aka tona tokar da ƙugiyoyi a hankali, ina tsaye ina tunanin da wane baki zan shiga wajen gwaggona, wadda a lokacin tana raye, tsohuwa tukuf. Ba a sami kome ba sai tukwane da ƙarfen gado. Aka leƙa rijiya. Masunta biyu suka zagaya bakin tafki. Babu shi.

Sai na koma ga abin da na iya. Na buɗe littafi, na jera su, na tambaye su ɗaya bayan ɗaya: ina ka gan shi na ƙarshe, yana yin me? Na farko ya gan shi a kan rumbu na ɗaya. Wani ya gan shi a na biyu. Wani masunci ya ce ya gan shi a kan tsani yana kokawa da jinkar na uku, daidai lokacin da aka juyo mesa wajen, ruwa na dukan laka. Na tambayi wanda ya ture jinkar na huɗu. Wani manomi ya ɗaga hannu ya ce shi ne, da na biyar da na shida, domin ya duba bai ga tela ba, wuta kuma na matsowa.

Na juya ga maƙeri. Mutum ne mai tsanaki, ba ya aiki rabi da rabi.

"Kai ka rufe na uku?"

"Ni na rufe shi, Malam. Na iske jinka ƙasa, baki buɗe. Na aza kwano, na aza dutse huɗu, na shimfiɗa buhu. Har laka na shafe gefen da ita, don kwanon ya ɗan lanƙwashe."

"Ka leƙa ciki?"

Ya dube ni da gaskiyarsa ya ce, "Ba ka rubuta a leƙa ba, Malam."

Ban san lokacin da na yar da littafin ba. Muka kwasa da gudu gaba ɗaya. Na riga kowa isa, na manna kunnena a jikin rumbun, laka na da ɗumi har lokacin. Da farko ban ji kome ba. Sannan na ji wani abu, ƙwas, ƙwas, a hankali, kamar kaza na tsattsagar ƙwarya.

Maƙeri ya haye tsani kamar ba mai nauyin jiki ba. Duwatsu suka riƙa faɗowa, mutane na tsalle suna kaucewa. Ya fizge buhu, ya ɓamɓare kwanon, wani tururi mai warin hayaƙi ya fito. Ya cusa kansa ciki ya yi sallama. Can sai muka ji wata murya siririya, a shaƙe, kamar ta fito daga cikin tulu:

"Wane la'ananne ya rufe ni kamar gero?"

Abin da ya faru shi ne, da tela ya ture jinkar, ruwan mesa ya jiƙa bakin rumbun, ƙafarsa ta zame ya rufta ciki. Da yake ƙarshen rani ne, rumbun ya kusa ƙarewa, babu abin da ya tare shi sai ɗan ragowar hatsi a ƙasa. Ƙafarsa ta goce, numfashinsa ya ɗauke na ɗan lokaci. Kafin ya farfaɗo ya yi ihu, sai ya ga haske ya ɗauke, ya ji ana jera duwatsu a kansa ɗaya bayan ɗaya. Ya yi ta kururuwa, injin na ruri, mata na guɗa, har muryarsa ta mutu. Daga nan ya koma ƙwanƙwasa bango da zobensa.

Aka kawo igiya. Wani masunci siriri ya ce shi zai sauka ya ɗaura masa. Ya sa ƙafa a tsani ke nan na riƙe shi na ce ya ba ni hularsa tukuna, kuma a bar bakin rumbun ya sha iska kafin ya shiga. Ya ba ni ba musu. Ya sauka, ya ɗaure tela ta ƙarƙashin hammata, mutum huɗu suka ja daga sama da ƙasa, shugaba na ba da amo kamar ana jan kwale-kwale.

Kan tela ya fara fitowa. Duk wanda ya yi aikin wuta a ranar baƙi ne ƙirin, shi kuwa ya fito fari fat. Ƙurar hatsi ta manne da gumin jikinsa tun daga gira har yatsun ƙafa, gemunsa ya yi furfurar da ba ta shekaru ba, idanu jajur, ƙaiƙayi a cikin kunnuwa. Ya zauna a bakin rumbu yana tari, yana dubanmu ɗaya bayan ɗaya da tsananin fushi. Wata mata ta fara ƙyalƙyalewa, ta toshe baki da mayafi. Shi ke nan. Unguwar masunta ta fashe. Shugaba ya faɗi ƙasa yana dukan laka. Mutanen tsallake suka riƙe juna. Maƙeri na kan tsani yana ba da haƙuri yana dariya yana hawaye, duk a lokaci guda. Ni kuwa na zauna daɓas cikin caɓi da farar rigata ta Juma'a, ina dariyar da ban iya tsayar da ita ba, har cikina ya ƙulle.

Da aka sauko da tela, ya nuna ni da yatsa, muryar ba ta fita sosai.

"Kai... da littafinka..."

"Bawana, ka yi shiru ka sha ruwa."

"Dutse huɗu! Ina ƙidaya su!"

"Na gefen hagu bai zauna daidai ba, shi ya sa na ƙara na huɗun," in ji maƙeri, aka sake fashewa.

Wasu suka ce a kai tela gida ya yi wanka ya huta, ai ya tsira. Ban yarda ba. Na sa aka ɗora shi a babur tsakanin mutum biyu, na bi su a wani, muka kai shi asibitin garin da ke gaba da mu. Ma'aikacin da ya duba shi ya ce hayaƙin ya taɓa ƙirjinsa, ya riƙe shi har washegari. Ƙafar kuwa, ta dama ce, wadda yake taka keken ɗinki da ita, ta kumbura ta yi suntum. Dariyata ta tsaya a nan, domin tela ba shi da gona ba shi da jirgi, da ƙafar nan yake ci da gidansa.

A taron da ya biyo baya na miƙe na karanta dokar rumbu kamar yadda na rubuta ta, na ce kuskuren nawa ne, ba na maƙeri ba, kuma na rubuta haka a littafi. Na ƙara layi biyu: mai rufewa ya leƙa ciki ya yi sallama sau uku kafin ya aza kwano, kuma ba zai aza ba sai ya ga mai ture jinka da idonsa a ƙasa ko a kan rumbu na gaba. Aka yi gardama mai tsawo kan ko ya halatta a yi wa gero sallama. Shugaba ya yanke hukunci cewa in geron ya amsa, a sanar da shi.

Tela ya yi mako uku a kwance, mai ɗori na zuwa yana duba shi, maƙeri na tsallako iyaka kullum da safe da ɗan abin da ya samu, yau ƙwai gobe kifi, tela na karɓa yana zaginsa. Shagon ya zauna a rufe. Kullum in na bi ta kasuwa sai na kawar da kai daga ƙofar.

Wata safiya ina tafe zan wuce, sai na ji ƙarar keke daga ciki, tana tafiya tana tsayawa, sannan ta miƙe tiryan-tiryan. Na tsaya a bakin ƙofa ina kallon ƙafar na hawa tana sauka, da ɗaurin tsumma har yanzu a idon sawun. Ban san tsawon lokacin da na yi a tsaye ina murmushi ba. Bai ɗago kai ba, allura biyu a bakinsa, ya ce, "Malam, ko ka shigo ko ka wuce. Ka tare man haske."